Abin da silifas ɗin Baba ya koya mini

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a sashen ba da shawara kan abinci na asibitin da na shafe shekara shida a cikinsa a nan Jos, kuma cikin duk waɗanda suka zauna a kujerar da ke gaban teburina, dattijo ɗaya ne har yau nake kwana da shi a raina.

Tsohon malamin makaranta ne. Tun da aka gaya masa yana da hawan jini da ciwon suga ya yanke nama da kifi da ƙwai da nono baki ɗaya, ya koma tuwon acha da miyar ganye da wake, da kabeji da karas da yake zuwa Farin Gada ya sayo da kansa. Shekara huɗu yana haka kafin ya zo mana da kasala da ƙarancin jini, harshensa ya yi ja ya yi sumul. Na rubuta a fayil cewa a auna masa bitamin B12, amma shugaban sashenmu ya soke, ya ce gwajin yana da tsada, a ba shi folik asid (wani nau'in bitamin B ne daban) da maganin ƙarin jini kawai. Na san abin da littafi ya ce, amma na yi shiru saboda gudun a ce ƙaramar ma'aikaciya ta cika iyayi.

Jininsa ya ƙaru, kowa ya yi murna, alhali a nan haɗarin yake, domin folik asid yana gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ke haifarwa, ya bar jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa a ɓoye. Bayan wata takwas Baba ya dawo yana dogara sanda. Yana shigowa silifas ɗinsa na hagu ya zame a bakin ƙofa, ya yi taku uku bai sani ba. Da na miƙa masa, sai ya ce, "'Yata, ko ruwan alwala ba na ji a ƙafar nan, kuma in na fita sallar asuba cikin duhu sai in riƙa tangaɗi." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri," na rasa abin da zan ƙara.

A taron da aka yi kan lamarin, shugaban ya ce ni ce ban bibiyi mara lafiya ba, kuma ba wanda ya buɗe fayil ya ga layin da ya ja da jan biro.

Ga wadda za ta gaje ni, ki sani cewa B12 a abincin da ya fito daga dabba ake samunsa, kuma zogale da alayyahu da daddawa ba za su maye gurbinsa ba. Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 2.4 ne kacal a rana, mai shayarwa 2.8, amma hanta tana ajiye abin da zai kai shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau kafin alamu su fito. Wanda ya bar nama amma yana shan kindirmo yana cin ƙwai a kai a kai yana da sauƙi. Wanda ya bar duka dole ne ya riƙa shan ƙwayar B12 ko abincin da aka ƙara wa sinadarin, musamman mai ciki da mai goyo, domin jariri daga jikin uwa yake samu. Ki tambayi kowane mai ciwon suga ko yana shan maganin suga na metformin, domin maganin yana rage yadda hanji ke tsotsar B12, kuma Baba shekara da shekaru yana shan sa.

Sauran dangin bitamin B ba su da wuya. Wake da gyaɗa da gero da dawa waɗanda ba a surfe su ƙal ba suna ba da B1 da B3, ganye da wake suna ba da folet, wato folik asid na cikin abinci. Duk shawarar da aka soke miki kuma, ki sake rubuta ta da kwanan wata, ki sa hannu.

An fara yi wa Baba allurar B12, kasala ta tafi, harshe ya warke, tunaninsa ya dawo daidai. Makon jiya ya zo mu yi sallama da ledar dankalin turawa a hannu ɗaya, sandar tana ɗaya hannun.