Kafet ɗin jirgin Alhaji da wahalar da na sha a kansa

Ni dai sana'ata shimfiɗa kafet ce da ɗinkin kujerun mota, a nan Gombe, shagonmu na wajen Tashan Dukku. Da ka tambaye ni shekara uku baya zan ce maka ba abin da ya rage min a harkar kafet, masallatai mun yi, ofisoshi mun yi, ɗakin amare kam ba a magana. Ashe da sauran rina a kaba.

Wani Alhaji ne ya zo da aiki, wai jirgin ruwa ya sayo, ɗan madaidaici na faiba, wato abin nan mai tauri da santsi kamar roba, mai inji a baya, daga Legas aka ɗoro masa shi a mota, yana da ɗan ɗaki a gaba wanda mutum huɗu za su zauna in sun matsu. A Dadin Kowa ya ajiye shi, dam ɗin nan da ke kan kogin Gongola in ka bi hanyar Biu, kusan kilomita 40 daga cikin gari. So yake a sa kafet a ɗakin saboda in ya kai iyali shan iska su samu wajen zama, in lokaci ya yi ma a yi salla a ciki. Nace ranka ya daɗe an gama, ko auna wajen ban yi da kyau ba, da ido na ƙiyasta na yanko.

Na shimfiɗa kamar yadda nake yi a ɗaki na karɓi kuɗina na dawo. Kwana biyu sai ga waya, wai jirgin na juyawa kafet ɗin ya tafi da yaronsa gaba ɗaya, ya bugu a gwiwa. Allah ya kiyaye ba a bakin ƙofa ba ne. Abin da ban yi tunani ba shi ne a ɗaki gado da kujeru da sif su ke danne kafet, kuma ƙasar ba ta motsi, shi kuwa jirgi ƙasansa santsi ne kamar farantin tangaran, ga shi kullum cikin tangaɗi, in ɗan ruwa ya shiga tsakani kuma shikenan kamar ka taka sabulu.

To ni da wayona sai nace maganin wannan ai gam ne. Na sayi gam ɗin nan mai ƙarfi irin na masu takalmi, na koma na shafe ƙasan ɗakin kaf, lungu da saƙo, na manna na bi da guduma ta roba ina bubbugawa. Wallahi ranar har hoto na ɗauka na sa a Facebook ina yabon kaina. Kuma gaskiya bai ƙara zamewa ba, wannan kam ba ƙarya.

Damina na sauka abin ya tonu. Wajen sati biyar Alhaji ya kira, muryarsa kawai na ji na san ba lafiya. Da na je tun kafin in sunkuya in shiga ɗakin wari ya tare ni, irin na rigar da aka manta a bokiti, in ka taka kafet ɗin ruwa na tsartowa ta tsakanin yatsu, gefe duk fumfuna baƙi. Bayan kafet ɗin irin mai zaren buhu ne, ya sha ruwa ya ruɓe. Amma babban abin kunyar ba wannan ba ne. Akwai wani murfi a tsakiyar ƙasan ɗakin wanda ake ɗagawa a duba ruwan da ke taruwa a can ƙarƙashin jirgi a kwashe, ni na ganshi na ɗauka ado ne na bi ta kansa da gam. Ranar da ruwan sama ya kama su a tsakiyar dam, mai tuƙa jirgin da wuƙa ya farke kafet ɗin kafin ya kai ga murfin. Yana ba ni labari yana kallona, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dole na koma wajen Baba, maigidana wanda ya koya min sana'a, ya tsufa yanzu ba ya aiki sai zaman ƙofar shago da rediyo. Ni na san ya zauna a Legas da ƙuruciya amma ban taɓa sanin har kushin da kafet ya yi wa masu jiragen nan da iska ke turawa ba, masu dogon sanda a tsakiya da ake ɗaura wa babban ƙyalle, akwai ma kulob ɗinsu a Legas tun 1932. Sai da ya gama dariya tukun yace, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana manne kafet a jirgi? Abin da zai jiƙe gobe, ta ina za ka shanya shi?" Yace nasu ma ya fi nawa wuya, don irin wancan jirgin in iska ta cika ƙyallen kwanciya yake ta gefe guda, digiri 15 ko 20 ba komai ba ne a wajensu, a haka za a yi ta tafiya awa da awanni mutane na yawo a ciki, in an juya kuma ya kwanta ta ɗaya gefen. Ga katakon ƙasan an sha masa banish yana ƙyalli, kuma kowane falle ana ɗaga shi a duba ƙarƙashi. Duk da haka ba mai sa gam, kuma kafet ba ya tafiya.

Kankare gam ɗin kwana uku ya ci min. Na so in zuba fetur ya narke da sauri, Baba yace in ina son in ga gobe kar in kuskura, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a ƙarƙashin jirgi, ga batir ga wayoyi, tartsatsi ɗaya ya isa. Haka na cire kan batir na buɗe ko'ina na zauna da abin kankara na roba ina bi kaɗan-kaɗan har hannuna ya yi bororo.

Ranar da za a sake aikin Baba da kansa yace zai bi ni, da sandarsa da komai. Abin da ya fara sa ni shi ne in nemo takardar buhun siminti, muka haɗa su da tef muka shimfiɗa a ƙasan, yana danna gefe-gefe da farcensa ni ina bi da biro, kowane kwana da kowace ƙafar kujera sai da ta fito a takardar. A kanta muka yanka kafet, kuma ba falle ɗaya ba, uku muka yi, na tsakiyar daidai girman murfin nan. Yace in kafet ya zauna cif bango da bango rabin aikin ya ƙare don ba shi da inda za shi, nawa na farko da na yanka da ido ai fili na bar masa na gudu. Kafet ɗin ma mun canza, muka sayi mai gajeren gashi na zaren roba wanda ba ya riƙe ruwa, na ɗinke bakinsa da keken kushin kar ya warware.

Sai maɓallai, irin na ƙarfen nan da ake dannawa ya ce ƙas kamar na jaka, rabi a jikin kafet rabi a ɗaure da sukuru a ƙasa. A nan na ga abin da ya burge ni. A kasuwa mai shago na ta rantsuwa nasa ba ya tsatsa, Baba bai ce uffan ba, ya zaro mayen ƙarfe na tsohuwar sifika daga aljihu ya kanga, duk suka ɗafe. Yace a'a ɗana, wannan ƙarfe ne aka yi wa wanka. Na gaske irin wanda ake kira 316 da ƙyar mayen ƙarfe ke jansa, ƙarshe sai daga Legas aka aiko mana. Wajen hudawa kuma ya sa na naɗa tef a bakin abin hudawa daidai tsawon sukurun, don a wasu wuraren abin da ke bayan faibar nan ruwan dam ne ba wani abu ba, kowane rami sai an ɗiga silikon kafin a ɗaure. Kusurwoyi da bakin ƙofa kawai muka sa, ba yawa.

Inda ba ma son huda sai muka sa Velcro, abin nan na takalmin yara mai ƙara in an ɓalle. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya lura da yadda ƙayar ciyawa ke maƙale wa gashin karensa a 1941, wato dai ƙarangiyarsu ta can, mu da muka taso muna cire ta a wando muna tsaki ba wanda ya yi tunanin kuɗi ne. Amma ni ra'ayina a kansa rabi da rabi ne, gam ɗin bayansa ba ya jure zafinmu, watan Maris da Afrilu in rana ta kai digiri 40 a waje cikin rufaffen ɗakin faiba tanda ne, sai ya saki yana yauƙi. Dole ka goge wajen da sifirit ya bushe kafin ka manna, ɗaya ɓangaren kuma a ɗinke shi da kafet. Fallen tsakiya ko ɗaya ba mu sa masa ba, layi-layin silikon muka ja a bayansa muka bar shi ya kwana ya bushe sarai, sai ya zama kamar ƙasan silifa, yana kama ƙasa amma da yatsa biyu za ka ɗaga.

Ranar da muka gama, da la'asar muka shiga gwaji, iska ta ɗan taso, mai tuƙin da gangan ya riƙa karya kwana don ya kunyata ni, ni ina tsaye a ciki ina dira ƙafa, Baba kuwa ya ƙi shiga, yana bakin ruwa wai shi ya gama da jirgi tun yana da baƙin gashi. Kafet ko gezau.

Bayan salla ƙarama na bi ta wajen na tarar an ɓalle fallayen uku an shanya a kan wani kwale-kwale da aka kife, maɓalli ɗaya na bakin ƙofa ya fita don mai tuƙin fizga yake ba ya sa yatsa a gindi. Na nuna masa yadda ake ɓallewa, na ɗinka ɗan ƙyallen tampol a bayan wajen na mayar da sabo, ya ba ni kifi biyu a leda.