Ƙaddara da hisabi a ɗakin fiɗa

Na shafe shekaru ina aikin fiɗa a Maradi, kuma cikin dukan maganganun da dangin marasa lafiya suka faɗa mini, babu wadda ta fi yi mini nauyi kamar godiyar wani dattijo da ɗansa ya rasu a hannuna. Yaron ɗan kimanin shekara 10 ne, an kawo shi daga wani ƙauye na wajen Dakoro bayan ya yi fiye da mako biyu yana zazzaɓi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako. Duk likitan fiɗa na yankin nan ya san wannan hoto tun daga bakin ƙofa: zazzaɓin taifod ne ya huda ƙarshen ƙaramin hanji, ƙazanta ta zube cikin ciki, kuma galibi ba a isowa da yaro sai an gama gwada jiƙo da sakiya da magungunan tebur.

Mun ƙara masa ruwa, muka shiga da shi da dare, na tarar da huji uku na ɗinke su. A daren kwana na biyar mai jinyar da ke gadi ya kira ni ya ce bugun zuciyar yaron ya ƙaru, jikinsa kuma ya sake yin zafi. Na yini a tsaye tun safe, saboda haka na ce a ƙara masa ruwa, zan duba shi da asuba. Da na sake buɗe cikin washegari na tarar ɗinki ɗaya ya saki, kuma yaron bai kai la'asar ba.

Na fita na sami mahaifinsa zaune kan tabarma a inuwar bedi, na durƙusa na ce: "Baba, sai haƙuri, Allah ya karɓi abinsa." Ya yi salati, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce: "Likita, Allah shi saka maka da alheri, ka yi ƙoƙarinka, kwana nai ne ya ƙare." Bai tambaye ni komai ba. Ni kuwa na san akwai sa'o'i shida ko bakwai da na bar su suka wuce ina kwance a gida, waɗanda shi bai san da su ba.

Watannin da suka biyo baya sun kasance masu wuya. Barci ya ƙaurace mini, na zama mai saurin fushi da masu jinya da iyalina, kuma duk sa'ad da aka ce ga yaro mai ciwon ciki sai in ji gabana ya faɗi. Abokan aiki sun yi ta ba ni baki da cewa ƙaddara ce, ni ma na yi ta maimaita wa kaina hakan, amma kalmar ba ta shiga zuciyata ba, domin a lokacin ina neman in ɓuya ne a bayanta.

Wanda ya warware mini wannan ƙulli shi ne limamin masallacin unguwarmu, tsoho ne da bai taɓa shiga ɗakin fiɗa ba. Na tsaya bayan sallar asuba na ce: "Allah gafarta malam, akwai abin da ya hana ni sakat," na kwashe labarin duka na faɗa masa, har da kiran da aka yi mini da dare. Bai yi gaggawar wanke ni ba, bai kuma tsananta mini ba. Ya ce: "Ɗana, ajalin yaron ba ya hannunka, wannan gaskiya ce, kuma mahaifinsa ya yi daidai da ya riƙe ta. Amma daren nan yana hannunka, shi za a tambaye ka." Sai ya tuna mini da hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ya umarce ni da in tuba daga sakacin, in yi wa yaron sadaka, in kuma gyara abin da ya sa hakan ta faru. A ranar na yi barci, domin nauyin ya rabu gida biyu: an sauke mini ajalin da ba nawa ba, an bar mini abin da zan iya ɗauka.

Gyaran da na fara da shi mai sauƙi ne. Na gaya wa masu jinyar da ke gadi cewa duk mara lafiyar da aka yi wa aikin hanji, idan bugun zuciyarsa ya tashi, to su kira ni kuma kada su karɓi "sai da safe" daga bakina. In na gaji ƙwarai, in kira abokin aiki ya zo a madadina. Sannan muka soma zama duk wata muna bin bayanan waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya, kuma ni na fara gabatar da labarin yaron nan. Mun kuma riƙe takardar tambayoyin bincike ta Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2008, wadda ke tilasta a dakata sau uku, kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fita da mara lafiya, a tabbatar da sunansa da wurin aiki da ƙidayar ƙyallaye da kayan aiki. Sakamakon gwajinta a asibitoci takwas, wanda aka buga a 2009, ya nuna mace-mace sun ragu daga mutum 15 cikin dubu zuwa 8. A wajenmu dakatawa ta biyu ita ce wurin bisimilla: muna kammala tambayoyin, kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, ni in yi addu'ata, mai sa barcinmu wanda kirista ne ya yi tasa, sannan in miƙa hannu a ba ni wuƙa.

Abin da ban zata ba shi ne yadda wannan ya canza zamana da marasa lafiya. Da can ina ganin layu da guraye da rubutun sha a matsayin cikas kawai, ina sa a cire su ba tare da bayani ba. Yanzu nakan zauna in bayyana wa uwa cewa ba za a sha rubutu gab da shiga aiki ba saboda abin da ke cikin ciki yana iya dawowa ya shiga huhu idan an sa barci, amma tana iya shafa masa a goshi, layar kuma za a ajiye ta a ƙarƙashin matashinsa har ya farka. Ba sai na yarda da layar ba kafin in gane cewa tsoron uwar gaskiya ne, kuma uwar da aka girmama ita ce take faɗa mini gaskiyar abin da aka ba yaro a gida.

Inda na fi ganin amfanin wannan shi ne wajen waɗanda muke fito wa da hanji ta gefen ciki na ƴan watanni, har hujin ya warke a mayar. Aikin nan yana ceton rai idan hanji ya lalace sosai, amma mutane da yawa suna ƙin sa, kuma na daɗe ina tsammanin kunya ce kaɗai. Wani magidanci daga wajen Madarumfa ne ya buɗe mini ido, da ya jawo ni kusa ya ce a hankali: "Likita, to salla fa? Yaya mutum zai tsaya gaban Ubangijinsa da najasa a jiki?" Na koma wurin liman, ya bayyana mini cewa malamai sun yi sauƙi ga mai lalurar da abu ke fita daga jikinsa ba da ikonsa ba, ya tsaftace iyakar iyawarsa, ya yi alwala, ya yi sallarsa. Washegari na kai wa mutumin amsar, ya sa hannu a takarda aka yi aikin. Bayan wata uku, sa'ad da muka mayar masa da hanjin, ya gaya mini bai bar salla ko ɗaya ba, sai dai ya riƙa tsayawa a sahun ƙarshe kusa da ƙofa, kuma ranar Juma'ar da ta biyo bayan sallamarsa yana da niyyar komawa sahun gaba inda ya saba.