Tafiyata zuwa Brantford, garin mai lamba 99

Daren da na sauka gidan ƙanena a Mississauga, kusa da Toronto, barci ya ƙi zuwa saboda bambancin lokaci. Wajen ƙarfe ɗaya na leƙa taga, sai na hango shi a bayan gida cikin rigunan sanyi, yana riƙe da tiyo yana fesa wa fili ruwa. Watan Janairu ne, ko ganye ɗaya babu a kan itatuwa. Da gari ya waye na tambaye shi abin da yake yi wa ban ruwa a irin wannan sanyi. Ya ce, "Yaya, ƙanƙara nake haɗa wa yaron nan. Sai an zuba ruwan kaɗan-kaɗan, ya daskare, sannan a ƙara wani a kai."

Ɗansa yana da shekara tara, a Kanada aka haife shi, kuma ba shi da zance sai na ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Da ya ji za su yi wasa ranar Asabar a Brantford, ya zo ya riƙe min hannu ya ce, "Baffa, garin Gretzky ne, dole ka je." A lokacin sunan kawai na taɓa ji.

Mun kama hanya mai lamba 403 bayan sallar asuba. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Muka ratsa Hamilton, muka haura tudun da ke bayanta, daga nan sai gonaki fari fat dama da hagu, da motocin da ke watsa gishiri a kan kwalta don kada ta yi santsi. A hanya ƙanena ya ba ni labarin.

An haifi Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara mai sa riga lamba 99, a Brantford ranar 26 ga Janairu, 1961. Mahaifinsa Walter ma'aikacin kamfanin tarho ne, ba attajiri ba. Duk hunturu yakan mayar da bayan gidansu filin ƙanƙara, ya jera gwangwani yaron ya riƙa kewaya su da sanda. Abin da ya fi nanata masa shi ne kada ya bi ƙwallon inda take, ya nufi inda za ta je. Yana ɗan shekara 6 aka sa shi cikin 'yan shekara 10, rigar ta yi masa yawa, sai ya riƙa cusa gefen damanta cikin wando, kuma bai daina hakan ba har ya yi ritaya. Yana ɗan shekara 10 ya ci ƙwallo 378 a kaka ɗaya.

Nan labarin ya taɓa ni. Maimakon gari ya yi murna, wasu iyayen yara suka sa shi a gaba da hassada, har ana yi masa ihu a filin garinsu. Yana da shekara 14 iyayensa suka tura shi Toronto ya ci gaba da wasa a can. Yau kuwa, da muka shiga Brantford, babban titin da muka gani sunansa ne a jiki, cibiyar wasannin da muka nufa ma sunansa aka sa mata.

A ƙofar cibiyar akwai mutum-mutumin tagulla: Gretzky ya ɗaga Kofin Stanley, kofin zakarun babbar gasar wannan wasa, sama, ga kuma wani ƙaramin Gretzky tsaye tare da uwa da uba suna kallonsa. Dusar ƙanƙara ta taru a kafaɗar uban. Na daɗe a wurin har yatsuna suka fara zugi a cikin safar hannu. Ƙanena ya ce Walter ya rasu a watan Maris na 2021, kuma ranar jana'izarsa mutane sun jeru a bakin titi suna buga sandunansu a ƙasa, wanda shi ne gaisuwar girmamawa a wannan wasa.

A ciki na fara ganin wasan da idona. Abin da suke bugawa ɗan baƙin faifai ne na roba, bai cika tafin hannu ba, mai tauri kamar dutse. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida, takalminsu da ƙarfe kamar kaifin wuƙa a ƙasa. Idan yaro ya ja birki sai ka ji ƙarar kankarewa, farin gari ya tashi. Da farko idona bai ma iya bin faifan ba.

Wani dattijo da ya kawo jikansa ya zauna kusa da mu, ya nuna min ɗan sararin da ke bayan raga, ya ce nan ake kira ofishin Gretzky. Ba shi da girman jiki, bai kuma fi kowa gudu ba, amma idan ya tsaya a nan yakan ga dukan fili, ya miƙa wa abokin wasa faifan tun kafin shi abokin ya san akwai dama. A gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka, ana ba da maki ɗaya ga wanda ya ci, ɗaya ga wanda ya bayar aka ci. Gretzky ya ci 894, ya bayar aka ci 1,963, jimla maki 2,857. Ko da a ce bai taɓa cin ko ɗaya da kansa ba, waɗanda ya bayar kaɗai sun fi jimlar makin duk wani ɗan wasa a tarihin gasar. A ganina wannan ya fi ƙwallo 92 da ya ci a kakar 1981 zuwa 1982 ban mamaki. Alex Ovechkin ɗan Rasha ya zarce shi a yawan ci a Afrilun 2025, amma ta fuskar bayarwa ko kusa ba a zo ba.

Da ƙungiyar Edmonton Oilers ta Kanada ya ɗauki Kofin Stanley sau huɗu, a 1984, 1985, 1987 da 1988. Ranar 9 ga Agustan 1988 aka sayar da shi ga Los Angeles Kings a Amurka, da dala miliyan 15 a cikin cinikin. Ya yi kuka a gaban 'yan jarida, har wani ɗan majalisa ya nemi gwamnati ta hana. Dattijon ya ce ya tuna inda yake tsaye lokacin da ya ji labarin a rediyo. Gretzky ya ajiye sanda a 1999 yana New York Rangers, daga baya aka hana kowa sa lamba 99 a gasar baki ɗaya.

Ana cikin zagaye na biyu ɗan namu ya samu faifan a gefen raga. Na miƙe ina cewa ya buga, shi kuwa ya ɗaga kai, ya tura wa wani yaro da ke tahowa ta tsakiya. Mai tsaron gida ya tare. Duk da haka ƙanena ya riƙa dukan gilashin da ke kewaye da filin da tafin hannunsa, idonsa ya ciko.

An ci su 3 da 2. Yaron ya yi barci tun kafin mu kai Hamilton, jakar kayansa ta cika bayan mota da warin gumi. Ƙanena ya duba hasashen yanayi a waya ya ce daren zai yi sanyi sosai, ruwa zai kama da kyau. Na ce idan zai fita ya tashe ni, ni zan riƙe tiyon.