Takobin da na ɗora wa Sarauniya Mangu

A shekarar da nake ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Tawa, malaminmu na tarihi ya raba mana batutuwan ekspoze, wato jawabin da ɗalibi ke gabatarwa a gaban aji, ni kuwa tun bai gama karanta jerin ba na ɗaga hannu na roƙi a bar mini Sarauniya Mangu. Tun ina ƙarama babu labarin da ke kama zuciyata kamar na mace a fagen daga. Na haddace kirarin Amina ƴar Bakwa ta san rana, kuma a bangon kayena na zana mayaƙan mata na Dahome, waɗanda suka gwabza da sojan Faransa a 1890 da 1892, zamanin sarki Behanzin.

Kwana uku kacal shirin ya ɗauke ni, domin a ganina na riga na san matar. Na ari littafin da Abdoulaye Mamani ya wallafa a kanta a 1980, na kalli fim ɗin da Med Hondo ya ɗauko daga cikinsa a 1986 a wayar yayana, sannan na tsaya gaban allo na kwatanta wa ƴan aji wata budurwa doguwa, kwari a baya, takobi a hannu, maza na biye da ita. An tafa mini sosai. Da tafi ya lafa, Malam ya cire tabarau ya tambaye ni cikin sanyin murya: “Malama, takobin nan wa ya gan shi?” Na duba takarduna, sai na tarar ni ce na ƙera shi. Ya ƙara mini mako biyu.

A cikin makonnin nan ne na fara karatu na gaskiya. Na raba shafi gida uku: abin da Turawa suka rubuta, abin da bakin mutane ya riƙe, da abin da marubuci ya ƙaga. A gida na farko akwai ayarin hafsoshin sojan Faransa biyu, Voulet da Chanoine, wanda ya nufi Tafkin Cadi yana ƙone garuruwa, ya isa Lugu ta ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, a watan Afrilu na 1899. Mutanen Lugu sun tare shi da kibau a gaban bindigogi, suka ja cikin kurmi, aka cinna wa garin wuta. Daga nan ayarin ya yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙonni a watan Mayu, kuma a watan Yuli, a yankin Tasawa, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, sojojinsu da kansu suka kashe Voulet da Chanoine. Ita kuwa Sarauniya, layuka kaɗan ta samu a rubutunsu, kuma da sunan tsohuwar matsafiya.

Gida na biyu kakata ce ta cika mini shi, wadda ta yi zaman aure a Dogon Dutsi. Da na karanta mata ekspozena na farko, dariya ta yi har ta ajiye carbi, ta ce: “Kishiya, Sarauniyar Lugu ai a ɗaki take da mazarinta na kaɗi, maza ne ke zuwa su durƙusa.” A wurinta na fahimci cewa Sarauniya sarauta ce ta addinin Azna, Mangu ɗaya ce cikin jerin matan da suka riƙe ta, kuma a ƙasar ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari’a. Da farko raina ya ɓaci, kamar an ƙwace mini wani abu. Daga baya na ga cewa dattijuwar da ta ƙi miƙa wuya a lokacin da garuruwa masu ganuwa ke faɗuwa, har maza suka tsaya gaban harsashi saboda maganarta, ta fi budurwar da na zana ban mamaki.

Ban zubar da gida na uku ba, domin ba don littafin da fim ɗin ba, da wuya sunanta ya fita daga Arewa ya shiga duniya. Kyautar da fim ɗin ya ci a FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987 ma da sunan Yennenga ake kiranta, jarumar da Mosi ke ɗauka uwarsu. Na dai koyi faɗin daga wane gida kowace magana ta fito. Da na gwada ma’aunin a kan Amina, sai na ga cewa Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tarihin Kano, littattafan da suka ambace ta, an rubuta su ɗaruruwan shekaru bayanta, har masana na saɓani kan ƙarnin da ta rayu.

Ranar gabatarwa ta biyu tafin bai kai na farko ba. Wata ƙawata ta tambaya ko ke nan Mangu ba mayaƙiya ba ce, na nuna mata gidaje ukun a allo na ce ta zaɓi wanda take tambaya a ciki. Malam ya mayar da tabaransa, ya rubuta makina, ya kira na gaba.