Muryar da ke kushe ka a zuci: yadda ake kama ta, da yadda ake rage mata ƙarfi

Akwai maganganun da in wani ya faɗa maka su a babbar kasuwar Katsina sai an raba ku, amma kai kana faɗa wa kanka su tun kafin Azahar ta yi: "Ni dai daƙiƙi ne." "Ƙashin tsiya gare ni." "Duk abin da na taɓa sai ya lalace." Da yake a zuci ake yin su, mutum ba ya jin su a matsayin maganar da za a iya musantawa. Gaskiya tsagwaronta yake ɗaukarsu.

A shekarun 1960, likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, a Filadelfiya ta Amurka, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da tunane-tunanen da ke faɗo musu da sauri ba tare da sun kira su ba, kuma su ne ke rura ƙuncin. A kan haka aka gina maganin tattaunawa da ake kira CBT. Ginshiƙinsa shi ne: tsakanin abin da ya faru da yadda ka ji, akwai jimlar da ka faɗa wa kanka, kuma ana iya bincikar ta.

Kada a gauraya wannan da yi wa kai hisabi, wanda addini ya kwaɗaitar da shi. Ɗauki tela a Ƙofar Ƙaura da ya yanka shaddar mutum ba daidai ba ana saura kwana uku Sallah. Hisabi zai ce: "Na yanka ban sake duba awo ba, don ina gaggawa. Zan kira mai kayan in gaya masa." Kushe kai zai ce: "Ni dama ban iya ɗinki ba, kowa ya sani, shagon nan rufewa zai yi." Na farko yana magana a kan aiki ɗaya, kuma yana ƙarewa da abin yi. Na biyu hukunci ne a kan mutum ɗungurungum, ba ya haifar da komai sai kasala. Kalmominsa sanannu ne: kullum, har abada, kowa, ba wanda, ni dama. Haka nan yana da'awar sanin zuciyar mutane ("raina ni suke yi") da sanin gobe.

Aikin farko rubutu ne. Sami ɗan littafi, ko wurin rubutu a wayarka. Tsawon mako guda, duk sanda ka ji gabanka ya faɗi ko ranka ya ɓaci, rubuta abu huɗu: lokaci da wuri, abin da ya faru kamar yadda mai kallo zai ba da labari, ainihin jimlar da ta zo maka, sai kuma yadda ka gaskata ta daga 0 zuwa 100. Biyu ko uku a rana sun isa. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne na uku. Mutane kan rubuta "na ji ba daɗi", alhali wannan yanayi ne, ba a iya yi masa tambaya. Tambayi kanka: me na ce wa kaina daf da in ji hakan? Rubuta shi da muninsa, kada ka gyara. Kafin mako ya ƙare, yawanci za ka ga jimloli biyu ko uku ne ke ta dawowa, kuma suna da lokutansu: bayan rashin barci, da yunwa, bayan zama da wani mutum, ko bayan dogon kallon hotunan bikin wasu a Facebook.

A mako na biyu, ware minti 15 a tsayayyen lokaci, kamar bayan La'asar. Kada ya zama a kan shimfiɗa da dare, domin gajiyayyar ƙwaƙwalwa ba ta adalci. Zaɓi jimla ɗaya ka zauna mata zaman alƙali: mene ne shaidar da ke goyon bayanta, mene ne shaidar da ke karya ta? Shaida ita ce abin da wani zai iya gani ko ya ƙirga. "Ina ji a jikina" ba shaida ba ce. Telan nan zai rubuta cewa ya ɓata shadda ɗaya, gaskiya ne, kuma zai rubuta adadin kayan da ya ɗinka a watan ba a dawo da su ba, da mutanen da ke kawo masa ɗinki shekara da shekaru. Sannan ya tambayi kansa: da yaron shagona ne ya yi wannan, me zan ce masa? Daga nan sai ya rubuta sabuwar jimla: "Na ɓata wannan saboda gaggawa. Zan biya, kuma zan rage karɓar ɗinki a makon Sallah." Ya sake auna tsohuwar. In ta sauko daga 90 zuwa 60, aiki ya yi. Ba sifili ake nema ba.

Wasu kan gwada danne tunanin da ƙarfi, sai ya ƙaru. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya nuna haka a gwajinsa na 1987, inda aka hana mutane tunanin wata farar dabba, sai ta yi ta faɗo musu. Wasu kuma kan koma kirari ga kansu: "Ni gwarzo ne, ba mai kama ni." A 2009, binciken Joanne Wood a jami'ar Waterloo ta Kanada ya gano cewa masu raina kansu sun ƙara jin ƙunci bayan maimaita jimlar yabon kai, don zuciya ba ta karɓar abin da ba ta yarda da shi ba. Saboda haka sabuwar jimla dole ta zama wadda za ka iya rantsewa a kanta.

Ga jimlolin "da na sani" kuwa, muna da jagora tun tuni. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da kwaɗayin abin da zai amfane ka, da neman taimakon Allah, da barin gazawa, sannan in wani abu ya same ka kada ka ce "da na yi kaza da kaza ya faru", ka ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so Ya aikata. A lura, da umarnin aiki aka fara.

Takarda kaɗai ba ta gamawa, sai an gwada. Ɗalibar da ta ce "in na yi tambaya a aji kowa zai yi dariya" ta rubuta hasashenta, ta yi tambaya ɗaya gajera, ta dawo ta rubuta mutum nawa suka yi dariyar. A fara da ƙaramin gwaji, domin wanda ya fara da babba ya sha ƙasa, ya ƙara wa muryar hujja ne.

Ina roƙon iyaye da malamai su kula: yaron da ake kira daƙiƙi yana shekara bakwai, shi ne zai kira kansa haka yana shekara talatin. A tsawata a kan aikin, a bar yi wa yaron laƙabi.

Wannan hanya tana da iyaka. In ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kowace rana, tare da rikicewar barci, cin abinci ko kasa aiki, a je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko babban asibiti mafi kusa, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Haka ma mai waswasin da ke sa shi maimaita alwala ko sallah har lokaci ya fita. Addu'a da magani ba sa karo. In kuwa muryar ta fara cewa gara mutuwa, kada a kwana da ita: a gaya wa wani amintacce yau, ya raka mutum asibiti, a kuma nisanta shi da ƙwayoyi da maganin ƙwari da ke cikin gida.