Yadda na bi da kwamfutocin shagona bayan Windows 10 ta daina samun gyara

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10, alhali dukkan kwamfutocin shagona na buga takardu da cike fom a kanta suke aiki. Yawancinsu na hannu ne, ba su da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta da Windows 11 ke buƙata, saboda haka maganar ɗaga su zuwa Windows 11 ba ta taso ba.

Abokan sana'a sun ce in sayi antibairus mai tsada in huta. Ban saya ba, domin Microsoft Defender, antibairus ɗin da ke cikin kwamfutar, zai ci gaba da samun bayanan sababbin ƙwayoyin cuta har Oktoban 2028. Sai dai wannan bai kwantar mini da hankali ba, domin antibairus yana kama muguwar manhajar da ya gane ne kawai, ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows kanta. Kamar mai gadi ne a gidan da katangarsa ta tsage. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu ta irin wannan ɓaraka ba tare da kowa ya danna komai ba, kuma ta fi cin waɗanda ba su saka gyaran da ya fito tun watan Maris ba, har sai da Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ga Windows XP da ya riga ya sallama tun 2014.

Kwamfutar da muke shigar da lambobin NIN da BVN na jama'a na yi wa rajistar ESU, shirin ƙarin gyaran tsaro da aka sanar zai kai 13 ga Oktoba, 2026. A lokacin da na yi rajistar, sai kwamfuta tana kan sigar Windows 10 mai suna 22H2 kuma tana da asusun Microsoft, sannan mutum ya biya dala 30 ko ya yarda a adana saitunansa a asusun, ya samu kyauta. Na zaɓi na kyautar.

Kwamfutocin da ake buga takardu kawai da su na cire su daga intanet, ko da yake filashin kwastoma na nan a matsayin ƙofar cuta, don haka ba a buɗe shi sai an bincika shi a kwamfutar da ke samun gyara. Sauran na saka musu Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, wadda ta wadatar wajen cike fom, amma tsohuwar firintarmu ta ƙi aiki da ita, dole na bar ta a haɗe da Windows.