Rarar harajin albashi: abin da na sa rai da abin da ya rage bayan lissafi

Mafi yawan ma'aikatan da na sani a Katsina ba su cika duba takardar albashinsu ba. Abin da kowa yake jira shi ne alat ya shigo waya, in adadin ya yi kusa da na watan jiya, to shi ke nan. Harajin da ake cirewa kuwa ana ɗaukarsa abu ne da ya riga ya wuce, babu sauran magana a kansa. Abin da ya sa na shiga cikin lissafinsa dalla-dalla shi ne buƙatar takardar shaidar biyan haraji, wadda aka nema a cikin takardun wani fili da nake ƙoƙarin yi wa rajista, kuma a wannan hanyar ne na gane cewa abin da ake cirewa duk wata kiyasi ne, ainihin lissafin sai shekara ta ƙare, kuma a kan dukkan abin da mutum ya samu ake yinsa, ba albashi kaɗai ba.

Na fara aiki da wani kamfani mai sayar da taki da irin shuka a watan Afrilun 2024, a kan albashin naira 250,000 a wata. Hedikwatar kamfanin tana Kano, amma da yake a Katsina nake zaune, harajina na jihar Katsina ne, domin a tsarin Najeriya harajin albashi yana bin jihar da ma'aikaci yake zaune, ba inda kamfani yake da babban ofishi ba. Duk wata ana cire mini naira 20,000 ta fansho, wato kashi 8 cikin 100 da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci, sannan a cire kusan naira 25,800 a matsayin haraji a ƙarƙashin tsarin da ake kira PAYE, wanda a cikinsa mai ba da aiki ne yake cire harajin ya kai wa jiha kafin ranar 10 ga watan da ke biye. Daga Afrilu zuwa Disamba, jimillar harajin da aka cire mini ta kai naira 232,260.

Akantanmu, dattijo ne da ya daɗe a wannan aiki, shi ya fara jawo hankalina a farkon 2025 lokacin da yake shirya bayanan shekara da kowane kamfani yake miƙawa kafin ƙarshen Janairu. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya ɗora biro a kan layin da sunana yake, ya ce, "Malam, ai kai an cire maka fiye da kima. Manhajar nan lissafi take yi kamar wata goma sha biyu za ka karɓi albashi, kai kuwa wata tara ka yi. Idan ka cike fom ɗinka ka miƙa, kana da rara." Na yi masa godiya, na roƙe shi ya nuna mini yadda abin yake tafiya, ya kuwa zauna ya bi da ni sahu-sahu.

A dokar da take aiki a wancan lokaci, ana fara cire kuɗin fansho daga abin da mutum ya samu a shekara. Daga abin da ya rage sai a ba shi rangwamen da kowa yake samu, wato naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa, duk wanda ya fi yawa, a haɗa da kashi 20 cikin 100. Sauran shi ake sa wa haraji, kuma hawa-hawa ake sa shi: naira 300,000 ta farko kashi 7, ta biyu kashi 11, naira 500,000 da ke biye kashi 15, wata 500,000 ɗin kashi 19, naira miliyan 1.6 da ke gaba kashi 21, abin da ya haura haka kuma kashi 24. Abin ya yi kama da cika tuluna a jere: sai na farko ya cika ake zuba wa na biyu, kuma kowane tulu da farashinsa. Da aka ɗauka zan samu naira miliyan 3 a shekara, lissafin ya kai ni har hawan kashi 21, ya ba da harajin naira 309,680, aka raba shi gida goma sha biyu. Amma abin da na karɓa a wata tara naira 2,250,000 ne. Idan aka cire fansho 180,000 da rangwame 614,000, saura 1,456,000, wanda bai wuce hawan kashi 19 ba, kuma harajinsa naira 196,640 ne. Bambancin ya kama naira 35,620.

Akwai kuma wata naira 10,000 da na haɗa a kai. Kafin in samu wannan aikin, a watan Fabrairu, wata ƙungiya ta ɗauke ni na horar da manoma a ƙauyukan Daura da Mashi kan yadda ake adana hatsi, aka yi yarjejeniyar naira 200,000, aka cire kashi 5 cikin 100 tun daga tushe, aka tura mini 190,000. A fahimtata, da kuma fahimtar mutane da yawa da na yi magana da su, wannan cirewar ko dai ta gama maganar haraji a kan wannan kuɗin, ko kuma za a maido da ita idan mutum ya nuna yana biyan harajin albashi. Saboda haka abin da na sa rai ya haura naira 45,000, har mun yi shawara da uwargida cewa za mu cike kuɗin makarantar yara na zango na biyu da shi.

Na cike fom ɗin bayyana kuɗin shiga na shekara, wanda doka ta ce kowane mutum ya miƙa kafin ƙarshen Maris, na rubuta albashi da kuɗin horarwar duka, na haɗa da takardun albashi da takardar da ƙungiyar ta ba ni mai nuna cewa ta kai naira 10,000 ɗin da sunana. Samun wannan takardar ya ɗan ɗauki lokaci, amma ba tare da ita ba babu yadda za a yi a lissafa mini kuɗin, domin abin da aka cire wa mutum bai zama nasa a wurin masu haraji ba sai an ga shaidar cewa ya iso.

Da sakamakon ya fito, rarar da aka rubuta mini naira 14,900 ce. Na koma ofishin haraji cikin damuwa, domin a ganina an yi kuskure a wani wuri. Jami'ar da take kula da fayil ɗina ba ta yi gardama da ni ba. Ta ɗauko farar takarda, ta ja layi a tsakiya, ta rubuta lissafin akantanmu a hagu, nata a dama. Na ce mata, "Hajiya, ai kuɗin horarwar nan an riga an cire musu haraji." Ta ce, "An cire, Malam, amma kafin alƙalami ne, ba cikakken biya ba. Mu mutum muke yi wa lissafi, ba aiki-aiki ba."

Ga yadda nata lissafin ya tafi. Idan aka haɗa albashi da kuɗin horarwa, abin da na samu a shekarar naira 2,450,000 ne. Bayan fansho da rangwamen 654,000, abin da za a sa wa haraji ya zama 1,616,000, harajinsa kuma 227,360. Abin da na biya, albashi da na tushe a haɗe, 242,260 ne. Saura 14,900. Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda naira 200,000 ɗin nan ta hau kan albashina maimakon ta fara daga ƙasa. Albashin ya riga ya cinye hawa na kashi 7 da 11 da 15, don haka kuɗin horarwar ya faɗa a hawan kashi 19, ƙarshensa ma ya leƙa na 21. Harajin da ya hau kansa shi kaɗai naira 30,720 ne, alhali 10,000 kawai aka cire tun farko, sai aka cike gibin 20,720 daga rarar albashina. Akantanmu bai yi kuskure ba, domin abin da ke gabansa ya lissafa, kuma bai san da wani aikin da na yi kafin in zo kamfanin ba. Ita ma jami'ar daidai ta yi. Na bi lambobinta da kalkuletar wayata a gabanta, layi bayan layi, ban samu inda zan ja ba.

Ta ƙara mini da wani abu da nake ganin duk mai yin aikin kwangila a gefe ya kamata ya sani. Kuɗin da mutum ya kashe don gudanar da aikin kansa, kamar kuɗin mota zuwa ƙauyukan da buga takardun horarwa, ana iya cire su kafin a sa haraji, amma sai da rasit ko wata shaida a rubuce. A tashar mota ba a saba ba da rasit ba, masu buga takardu kuwa suna bayarwa idan an tambaya. Tun daga lokacin, duk aikin da na karɓa a gefe ina buɗe masa ambulan nasa, rasit da kwafin yarjejeniya da takardar cirewar tushe duk a ciki, kuma ina ware kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin a ajiye har sai lissafin shekara ya fito.

Wani maƙwabcina da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya duba takardun ya ce rangwamen da aka ba ni ya yi kaɗan, domin a saninsa a kan cikakken albashi ake lissafa kashi 20 ɗin. Haka abin yake a da, amma Dokar Kuɗi ta 2020 ta sauya shi, ta mayar da lissafin kan abin da ya rage bayan an cire fansho da makamantansa. Irin wannan tsohon sani yana yawo sosai a majalisun unguwa, kuma yana sa mutum ya sa rai da abin da babu shi.

Ita kanta rarar ba a hannu na karɓe ta ba. Doka ta ba da damar a maido wa mutum kuɗinsa ko a ajiye masa su a rage daga harajin da zai biya a gaba, ni kuma na zaɓi na biyun domin ya fi sauri, aka ba ni takarda na kai wa akanta, ya rage daga cirewar watan da ya biyo baya. Kuɗin makarantar yara ta wata hanya muka cike su. A ra'ayina, kamfanoni suna da alhakin da ya wuce cirewa da turawa kawai: ya kamata duk sabon ma'aikaci a tambaye shi ko ya samu wani kuɗin shiga a shekarar, a kuma bayyana masa abin da kowane layi na takardar albashinsa yake nufi, domin kuɗin guminsa ne, kuma bayanin bai wuce zaman 'yan mintuna ba.

Lambobin da na kawo na tsohuwar doka ne, kuma tun daga ranar 1 ga Janairun 2026 abin ya sauya. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, kuma a ƙarƙashinsu naira 800,000 ta farko ba ta da haraji, naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 da ke gaba kashi 18, haka yake hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. An soke rangwamen nan na kowa da kowa, aka kawo rangwamen kuɗin haya, wanda shi ne kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. A nan ma na fara jin irin ruɗanin da ya same ni, domin wasu abokan aikina sun ɗauka gwamnati za ta maido musu da kashi 20 na kuɗin hayarsu. Ba haka ba ne. Wanda yake biyan hayar naira 300,000 a shekara, naira 60,000 za a rage daga kuɗin da za a sa wa haraji, kuma idan yana hawan kashi 15, sauƙin da zai gani a aljihunsa naira 9,000 ce a shekara. A kan albashi irin nawa, harajin shekara bayan cire fansho ya kama naira 294,000, da rangwamen hayar kuma ya sauko zuwa 285,000. Shi ma wannan rangwamen ba ya zuwa da kansa, sai ma'aikaci ya bayyana hayar da yake biya, don haka na karɓi rasit daga mai gidan da nake haya, na haɗa da kwafin yarjejeniyarmu, na miƙa wa akanta tun a farkon shekara domin ya shigar da su cikin lissafin kowane wata.